Haƙƙin Mai Aiki a Kan Mai Kallo

Tun zamanin da masu hankali suke gardama a kan wata magana, har yau kuwa ba ta mutu ba. Maganar ita ce, idan mutum ya tsaya gaban wani kyakkyawan aiki na hannun ɗan Adam, shin idonsa kaɗai ya isa ya sanar da shi darajar abin, ko kuwa sai ya sha wahalar koyo tukuna? Waɗansu sun ce kyau ba ya bukatar tafinta, gani ya kori ji. Waɗansu kuwa sun ce kallo dabam, gani dabam, wanda bai san yadda aka yi abu ba rabinsa kaɗai ya gani. Irin wannan gardama ba ta warwaruwa da fatar baki, sai an kawo wani aiki an ajiye a tsakiya, kowa ya auna maganarsa da shi. Aikin da za a ajiye a nan shi ne tagogin gilashi masu launi na tsofaffin majami'un Turai, gama da wuya a sami wata sana'a da ta fi wannan saurin kama ido, kuma da wuya a sami wadda ta fi ta ɓoye wahalar da ke cikinta.

A ƙasar Faransa, kimanin mil 55 kudu maso yamma da birnin Paris, akwai wani gari wai shi Chartres. A shekarar 1194 gobara ta cinye yawancin babbar majami'ar garin. Mutanen wurin ba su daɗe suna jimami ba, suka tashi da sabon gini, cikin shekara 30 ya tsaya da rufinsa, aka yi bikin keɓe shi a 1260. Yawancin tagoginsa an yi su ne tsakanin 1205 da 1240. Yawansu ya kai wajen 170, in da za a shimfiɗa gilashinsu duka a ƙasa sai ya rufe fili mai murabba'in mita 2,600, watau fiye da rabin eka. Baƙo yakan zaci falle ɗaya ne aka kafa a kowace taga aka shafa masa fenti. Alhali kuwa kowace taga gutsattsarin gilashi ne masu ɗimbin yawa, shuɗi da ja da kore da rawaya da shunayya, an yanka kowane gutsure bisa siffarsa, an ɗinke su da zaren darma har suka zama hoto. Wanda ya zagaya ginin ta waje da rana tsaka ba abin da zai gani sai baƙi-baƙin abu mai ƙura, da layukan darma kamar saƙar gizo. Sai ya shiga ciki, ya dakata har idonsa ya saba da duhun wurin, sa'an nan ya ga bango ya kama da wuta ta kowane gefe, launi yana zubowa bisa ginshiƙai da daɓe.

Mai yiwuwa ne wani mai karatu ya ce, ina ruwan Musulmi da tagar majami'a, balle wadda aka cika ta da siffofin mutane? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, sana'a dabam take da abin da aka yi mata hidima da shi, kuma wannan sana'ar ba ta Kirista kaɗai ba ce. A birnin San'a na ƙasar Yaman, bisa tagogin gidaje akwai wani rabin da'ira da ake kira ƙamariyya, daga sunan wata da Larabci, inda ake sassaƙa farin kwaɓi mai daskarewa a cike ramukansa da gilashi mai launi. Akwai irinta a tsofaffin masallatai da gidajen Alƙahira, da Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul wanda aka gama a 1557, da Masallacin Nasirul Mulki na Shiraz a ƙasar Iran wanda aka gama a 1888. Waɗannan duka zanen ganye ne da furanni da taurari, da rubutu a waɗansu wurare. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffofi ba yana da inda zai koyi wannan darasi ba tare da su ba. An ɗauki Chartres a nan domin labarinta a rubuce yake, abin da sani ya yi mata da abin da rashin sani ya yi mata duk an san su.

To, sai a fara ba masu cewa ido ya isa haƙƙinsu, gama maganarsu tana da ƙarfi. Sun ce manomin da ya shiga wannan majami'a a 1240, wanda bai san ko baƙi ɗaya ba, ya tsaya baki buɗe, ba wanda ya karantar da shi. Yaro ɗan shekara 5 ma in an kai shi yau zai miƙa hannu yana neman kama jan hasken da ya sauka a kan rigarsa. Sun ce kuma an sha ganin masani ya shiga da littafi a hannu ɗaya da madubin hangen nesa a ɗayan, yana ƙirga gutsattsari, yana gardamar wannan na asali ne wancan gyara ne, har ya fita bai ɗaga kai sau ɗaya ya sha hasken ba. Idan abin da ilmi yake yi ke nan, in ji su, gara jahilci da daɗinsa. Duk mai gaskiya zai yarda akwai irin wannan masani, kuma daɗin da yaron ya ji daɗi ne na hakika. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a duba mene ne mai koyo yake koya, a ga ko abin kashe daɗi ne.

Allah ya sa wani malamin zuhudu na ƙasar Jamus, wanda ya kira kansa Theophilus, ya rubuta littafi a farkon ƙarni na 12 a kan sana'o'in hannu, ya raba shi kashi uku: zane, da gilashi, da ƙira. Daga gare shi aka san yadda mutanen wancan zamani suke aikin. Farkon abu dai gilashi rairayi ne da toka. Ana ƙona wani itace na dajin ƙasarsu, a auna tokarsa kashi 2, a haɗa da wankakken rairayi kashi 1, a toya su dare da rana ana juyawa, sa'an nan a zuba cikin tukwanen yumɓu a sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000, har su narke su zama kamar zuma. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Waɗannan mutane sun dafa shi da gaske. Wanda ya taɓa ganin Masaga na Bida a ƙasar Nupe suna sarrafa narkakken gilashi su yi ƙarau da duwatsun wuya, ya ga ɗan'uwan wannan aiki. Mai aiki yakan ɗebo narkakken gilashin a bakin doguwar mabusa ta ƙarfe, ya hura shi ya zama kamar gora, ya buɗe bakinsa biyu, ya tsaga shi a tsaye, ya mayar da shi wuta ya baje shi ya zama falle. Fallen nan ƙarami ne, wani wuri kauri wani wuri sirantaka, da 'yan kumfa a cikinsa.

Launin kuwa a cikin tukunya ake sa shi, tun gilashin yana ruwa, shi ya sa shekaru ba su wanke shi ba. Wani ma'adini da ake kira kobal shi ke ba da shuɗi, kaɗan ƙwarai ya isa tukunya guda. Jan ƙarfe yakan ba da kore ko ja, gwargwadon yadda aka sarrafa wuta da iska. Amma jan yana da wata matsala: in aka yi falle duka da shi, duhunsa ba ya barin haske ya ratsa, sai a gan shi baƙi. Saboda haka suka koyi haɗa siririn ja da farin gilashi a falle ɗaya. Wajen 1300 kuma Turawa suka fara shafa wani haɗi na azurfa a bayan gilashi su toya shi ya koma rawaya, dabarar da masu gilashi na Masar suka riga su sani da ɗaruruwan shekaru.

Bayan falle sai yanka. Ba su da takarda mai faɗi, sai su shafe babban tebur da alli, maigidan aiki ya zana tagar a kansa daidai girmanta, ya sa alamar launin kowane gurbi. A ɗora falle a kan zanen. Lu'ulu'un yankan gilashi bai shigo hannun masu wannan sana'a ba sai wajen ƙarni na 16. Kafin nan da baƙin ƙarfe mai zafi daga wuta ake bin layi har gilashin ya tsage, sa'an nan a ɗauki wani ƙarfe mai tsaga a baki a yi ta ɓantarar gefen kaɗan-kaɗan, kamar yadda ɓera yake gaigayar ƙwarya, har gutsuren ya zauna daidai gurbinsa. Hannu ya kuskure sau ɗaya, aikin ya koma farko. Ido da hanci da gashi da ninkin tufafi, waɗannan da baƙin fenti ɗaya tak ake zana su, wanda aka yi da ƙonannen jan ƙarfe da niƙaƙƙen gilashi, aka dama da ruwan inabi ko fitsari. A mayar da gutsattsarin cikin tanderu har fentin ya narke ya zama jiki ɗaya da gilashin. Daga nan a zuba darma a yi zare mai tsagi ta gefe biyu, a cusa bakin kowane gutsure cikin tsagin, a narka kuza a liƙe kowace mahaɗa gaba da baya. Sa'an nan a hau da aikin sama, a ɗaure shi jikin sandunan ƙarfe domin ya jure iska da ruwa.

Yanzu a mayar da wanda ya koyi wannan cikin majami'ar, a ga abin da ya sauya. Da can darma a wurinsa aibi ce mai raba hoto. Yanzu ya gane ita ce layin zanen, baƙinta shi ke hana launuka cuɗanya a ido. Ya san taga ana karanta ta ne daga ƙasa zuwa sama, yawanci daga hagu zuwa dama, gida-gida kamar shafin littafi, sai ya sami labari a inda da ya ga tarin launi kawai. Ya san kumfa da rashin daidaiton kaurin nan su ke sa hasken ya yi ta rawa, abin da gilashin masana'anta mai santsi ba ya yi. Ya rabu da tatsuniyar nan da ake yaɗawa wai tsohon gilashi yana malalowa ƙasa da daɗewa. Kaurin tun ran da aka hura shi yake. Ya san tagogi uku na bangon yamma sun girmi sauran, tun wajen 1150 suke, sun tsira daga gobarar 1194, shuɗinsu mai haske kuwa wani irin gilashi ne dabam wanda ya fi jure ruwa da iska. Ya san kuma taga ba ta da fuska ɗaya: ta gabas da hantsi take magana, ta kudu da azahar, ta yamma da la'asar, in magariba ta kawo jiki ja ne yake fara mutuwa a ido, shuɗi shi ke saura na ƙarshe. Wanda ya san haka ba ya leƙawa ya fita. Yakan zauna, ya dawo gobe. Ashe ilmin bai rage masa daɗin da yaron ya ji ba ko kaɗan, sai ma ya tsawaita shi daga minti 10 zuwa shekaru.

Amma da riba ta tsaya ga ƙarin daɗi kawai, da gardamar ba ta kai ta shiga littafi ba, kowa sai ya ji daɗinsa yadda ya ga dama. Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ana ganinsa a gindin tagogin. A ƙasan tagogi wajen 40 na Chartres an zana masu sana'o'in garin suna kan aikinsu: mahauci da gatarinsa, masu toya burodi, dukawa suna ɗinkin takalma, masaƙa, maƙera suna sa wa doki takalmin ƙarfe, magina, masu ɗiban ruwa suna tsiyayewa daga tulu. A gindin tagar labarin Annabi Nuhu masassaƙa ne, a gindin ta Annabi Yusufu masu canjin kuɗi ne da ma'auninsu. An daɗe ana faɗin cewa su ne suka tara kuɗin waɗannan tagogi. Su kuwa masu gilashin da suka yi aikin, ba ko ɗaya da ya bar sunansa a cikin ginin. Sai a majami'ar garin Rouen aka sami wani mai suna Clement ya rubuta a jikin taga cewa shi mai gilashi ne mutumin Chartres. Sauran sun ƙona fuskarsu a bakin tanderu, sun yanke yatsunsu, sun shaƙi hayaƙin darma, sun mutu ba a san kabarinsu ba. Mai kallon da bai koyi kome ba yana ganin haske. Wanda ya koya yana ganin hasken, yana kuma ganin mutanen nan a bayansa.

A birnin York na Ingila an sami wanda sunansa ya tsira, har da yarjejeniyar aikinsa. A 1405 shugabannin babbar majami'ar York suka yi jinga da John Thornton, mutumin Coventry, ya yi musu babbar tagar gabas cikin shekara 3. Ladansa sule 4 a mako, da fam 5 a ƙarshen kowace shekara, da fam 10 in ya gama a kan lokaci, da sharaɗin shi da hannunsa zai zana muhimman wurare. Ya gama a 1408. Tagar ta fi ƙafa 75 tsawo, gidajenta 311, labarinta ya tashi daga halittar duniya ya kai tashin kiyama. Da aka sauke ta domin gyara tsakanin 2008 da 2018, masu gyaran suka riƙe gidajen can sama a hannunsu, suka ga fuskoki da gashi da gemu an zana su da siririn layi, da kula irin ta abin da za a duba kusa. Thornton ya san wanda ke tsaye a ƙasa ba zai rarrabe waɗannan layuka ba. Ya san wanda ya biya shi ba zai hau tsani kullum ya bincika ba. Da ya ga dama da ya ha'inci saman ya ƙawata ƙasan, ya karɓi fam 10 ɗinsa ya tafi. Bai yi ba. Mutum ya riƙe amanar mai kallon da ba a haifa ba tukuna, ya ba shi aiki cikakke. Shin mai kallon ba shi da abin da zai mayar? Abin da zai iya mayarwa ɗaya ne, ya ɗauki wahalar sanin abin da aka yi masa. Wannan shi ne haƙƙin mai aiki a kan mai kallo. Yabon da ba sani a cikinsa bai biya wannan bashi ba, gama mai irin wannan yabo daɗin idonsa yake yabo, bai kai ga mai aikin ba.

In wani ya ce matattu ba su bin bashi, sai a nuna masa abin da ya faru sa'ad da aka bar ido shi kaɗai ya yi hukunci. Ido bawan yayi ne. A ƙarni na 18 yayin Turai ya juya, manya suka so ɗaki mai haske da farin marmara, suka ɗauki tsofaffin tagogi aikin mutanen duhu. A Chartres, shugabannin majami'ar da kansu, ba abokan gaba ba, suka sa aka cire waɗansu tagogin sama aka sa farin gilashi, domin haske ya sauka a kan wani sabon sassaƙen marmara da aka kafa a 1773. Waɗannan mutane masu ido ne, kullum a ƙarƙashin tagogin nan suke ibada. Abin da gobara ba ta taɓa ba cikin shekara 500, son yayi ya cire shi cikin 'yan kwanaki. A Salisbury ta Ingila abin ya fi haka muni. Wajen 1790, a gyaran da wani magini mai suna James Wyatt ya shugabanta, aka fitar da yawancin tsohon gilashin majami'ar, aka zubar da mai yawa a ganuwar garin. Akwai wasiƙar wani mai sa gilashi na garin, ta 1788, inda ya faɗi cewa yana shirin farfasa mai yawa domin ya sami darmar da ke jiki, gilashin ba shi da amfani a wurinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Amma a dakata a kan mutumin nan na Salisbury, gama shi ne ya hana gardamar ƙarewa da sauƙi. Ba jahilin gilashi ba ne. Ya iya yanka, ya iya liƙi, da wannan sana'a yake cin abinci. Ya san yadda aka yi abin da yake farfasawa fiye da kowa a garin. Ke nan sanin hannu shi kaɗai ma bai isa ba. Ya san kuɗin darma a kasuwa, bai yarda cewa wanda ya riga shi da shekara 500 yana da wani haƙƙi a kansa ba. Haka kuma masanin nan mai madubin hangen nesa, wanda ya mai da taga matakalar hawa bisa kan mutane. Su biyu sun koya, amma kowa don kansa ya koya, ɗaya don aljihu, ɗaya don suna. Koyon da ake nufi a nan shi ne wanda yake tafiya da tawali'u, wanda duk sa'ad da mutum ya ƙara sani sai ya ƙara ganin girman wanda ya yi aikin da ƙanƙantar kansa.

An ga masu irin wannan koyo, kuma saboda su ne akwai abin kallo a yau. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, ma'aikata suka hau suka sauke tagogin Chartres gida-gida, suka sa wa kowane lamba, suka shirya su cikin akwatuna. Aka ɓoye waɗansu a ƙarƙashin ginin, waɗansu aka kai su wani ramin haƙar dutse can kudancin ƙasar, bayan yaƙi aka mayar da kowane gurbinsa. Ranar 16 ga Agusta 1944 sojojin Amurka suka iso garin, aka zaci Jamusawa suna leƙen asiri daga hasumiyoyin majami'ar, aka ba da umurnin a buga mata igwa. Wani hafsa, Kanar Welborn Griffith, bai yarda a rushe ta bisa zato ba. Ya ɗauki soja ɗaya ya shiga, ya hau hasumiya, ya tarar ba kowa, ya sanar, aka janye umurnin. A ranar nan aka kashe shi a Lèves, ƙauyen da ke maƙwabtaka da garin. Da an rushe ginin, da tagogin da ke cikin akwatuna ba su da inda za su koma. A York kuma, ranar 9 ga Yuli 1984 gobara ta kama ɓangaren kudu na majami'ar, zafi ya tsattsaga zagayayyar tagar wurin gutsure wajen 40,000, amma ba ta zube ba. Peter Gibson da abokan aikinsa suka sauke ta, suka liƙe tsaga bayan tsaga, suka rufa kowane yanki tsakanin fararen gilasai biyu, suka mayar da ita. Ba wanda zai zauna shekaru yana liƙe tsaga 40,000 saboda kawai launi ya burge shi wata rana. Sai wanda ya san abin da ke hannunsa, ya kuma ɗauki kansa mai riƙon amana.

Abin da ya fito daga wannan duka shi ne, masu cewa ido ya isa sun yi gaskiya a kan farkon tafiya. Mamakin nan na farko, na manomi da na yaro, kyauta ce daga Allah, wanda ba shi da ita littafi ba zai ba shi ba. Kuskurensu shi ne da suka ce a tsaya nan. Wanda ya tsaya nan ya ci moriyar aikin bai san mai shi ba, kuma ran da yayi ya juya ba shi da hujjar da zai kare abin da ya taɓa so. Maganar ba ta tsaya ga gilashin Turai ba. Wanda yake taya babbar riga mai aska takwas da wulaƙanci, bai taɓa tambaya ko wata nawa mai ɗinki ya yi a sunkuye yana sukar allura ba, halinsa ɗaya da shugabannin Chartres na ƙarni na 18, ko da bai fasa kome ba tukuna.

Hanyar biyan wannan haƙƙi kuwa ba ta da tsada. Mutum ya fara da kallo, ya bar idonsa ya ƙoshi kafin ya buɗe littafi. Sa'an nan ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata: da me aka yi, da wane ƙarfe, kwana nawa, ina wurin da ya fi wuya? In ya sami mai sana'ar da rai, ya zauna kusa da shi ya yi shiru. In ya sami hali ya gwada da hannunsa ko sau ɗaya. Wanda ya taɓa yanka gutsuren gilashi guda ya fashe masa a hannu sau uku, ba zai ƙara duban taga mai gutsure dubu yadda yake dubanta da ba. Bayan wannan duka ya rufe littafin ya koma ya sake kallo kamar ran farko. In ya tarar mamakinsa ya ƙaru, koyonsa ya yi albarka. In ya tarar girman kansa ne ya ƙaru, to, ya koma ya duba masu ɗiban ruwan nan da ke gindin taga, waɗanda suka fi shekara 750 suna tsiyaye tulu ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, balle sunan wanda ya zana su. Allah ya ba masu ido haƙurin koyo, ya ba masu ilmi tawali'u.